Rijiya Ta Goma Sha Ɗaya

Shafi na 19

Masu cewa na bar tsohuwa a cikin rana tun jiya, ku yi haƙuri, ga ta nan. Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muke: watan Maris ne na 1957, saura kwana goma a ɗauki azumi. Malam Dalhatu, malamin dabbobi a Kano, ya ɗauko mahaifiyarsa Uwa, da matarsa Ramlatu, da 'yarsu Maijidda a tsohuwar motar da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Durba za su, don Uwa ta ce sai ta taka garinsu kafin makanta ta ƙarasa rufe mata ido. Bayan Rano suka tarar ana gyaran gada, aka juya su ta hanyar Lausu. Tun daga nan Malam bai sake cewa uffan ba.

*

Da wari motar ta fara, kamar an jefa roba a wuta. Sai wani abu ya yi ƙara a gaba, tururi ya taso har ya rufe gilashi.

Malam Dalhatu ya gangara da ita gindin wata ɗorawa, ya kashe.

"Mun iso?" in ji Uwa daga baya.

"Ba mu iso ba, Uwa. Mota ce ta yi zafi."

"To ai ni ma na yi."

Maijidda ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi.

Malam ya fita ya ɗaga murfin inji. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, wata baƙar igiyar roba ce a hannunsa, ta rabu biyu.

"Fambel ne ya tsinke. Ruwan lagireto kuma ya ƙone tas."

"Ana ɗaurawa?" Ramlatu ta tambaya.

"Wanda ya iya."

Cikin saniya ya sani, ciki da bai. Cikin mota kuwa bai wuce inda ake zuba mai ba.

Ba gida a kusa. Gonaki ne a share suna jiran damina, sai wani baƙin dutse a gabas, rana na dukansa. Butar ruwan da suka taho da ita Uwa ta shanye tun a Rano.

Suna nan sai ga wani dattijo Bafulatani ya ɓullo ta bayan ɗorawar, sanda a kafaɗa, gora biyu na lilo a jikinta. Ya yi sallama, ya ce sunansa Hammadu, amma duk yankin Bappa ake ce masa.

Ya dubi motar. Ya dubi Malam. Ya ɗan jima a kan Malam.

"Kamar na san fuskar nan."

"Na taɓa zuwa allurar shanu," in ji Malam, idonsa a kan inji.

"To. Ai kuwa kun yi sa'a, akwai mai tashe ta. Yana bayan dutsen can. Bara wata babbar mota ta mutu a nan da lodin gyaɗa, da fatar shanu ya yanka mata igiya, ta tashi har Kano."

"A'a."

Saurin amsar ya sa Ramlatu ta ɗago kai.

"Ba sai an kira shi ba. Zan taka Rano in samo makanike."

"Rano?" Bappa ya dubi sama. "Mil bakwai, Malam. A wannan ranar."

"Zan iya."

"Malam," in ji Ramlatu a hankali, "Uwa fa. Ga mutum a nan kusa."

"Na ce ba sai an kira shi ba."

Maijidda ba ta taɓa jin ya yi wa Innarta magana da wannan murya ba. Ya gyara hula. Ya ce kada kowa ya bar gindin bishiyar, ya kama hanya da sauri kamar ana binsa.

Uwa ta saurari takunsa har ya yi nisa.

"Bawan Allah."

"Na'am, baiwar Allah."

"Gorunan nan da nake jin suna ƙwanƙwasa juna, akwai ruwa a ciki?"

"Yanzu zan ɗebo. Rijiyar ga ta can, ba nisa."

"Maijidda, kama ni."

"Uwa, Baba ya ce..."

"Ni na haife shi. Kama ni."

*

A gindin dutsen rijiyar take. A kan dutsen ma, in an faɗi gaskiya.

Maijidda ta tsaya cak.

Falalen dutse ne baƙi, wanda ko ciyawa ba ta fito a kansa ba, amma an huda shi, zagaye, kamar an ɗora faifai an yanke. Ta leƙa. Bangon ya sauka sumul, duk sawun bakin ƙarfe, dubbai, ɗaya a kan ɗaya. Can ƙasa wani ɗan haske yana motsi. Sanyi ya taso ya taɓa mata fuska.

"Turawa ne suka haƙa?" ta tambaya.

Bappa ya yi murmushi, ya zura guga.

"Turawa sun zo da ƙarfensu, suka auna, suka ce ba ruwa daga nan har Kibiya sai an yi gaba arba'in. Suka tafi. Mutum ɗaya ya yi wannan."

"Mutum ɗaya?"

"Shi da kurfin haƙa da guduma. In dutse ya ƙi, sai ya hura wuta a kai kwana guda, ya kwara ruwa, ya fashe. Ni nake jan ƙasar da bijimina."

Ya zuba a ƙwarya ya miƙa wa Uwa. Ta sha. Ta tsaya. Ta sake sha, har ta ɗaga ƙwaryar.

"Rabona da ruwa irin wannan tun ina amarya," ta ce.

Ta durƙusa ta shafa bakin rijiyar da tafin hannu, ta bi shi a hankali har ta zagayo.

"Hannun da ya yi wannan bai san gaggawa ba. Wane ne?"

"Soja muke ce masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya zo. Ranar da ya iso, a bakin rugata ya kwana, da asuba na same shi kwance a kan wannan dutse, ya kafa kunne. Na ɗauka ba shi da lafiya. Ya ce mini, Bappa, akwai ruwa a nan, ina jin sa."

"Ka yarda?" in ji Maijidda.

"Ina fa. Dariya muka yi masa. Ba nan ya fara ba ma, ya ce wannan sai hannunsa ya ƙware. A Lausu ya fara. Daga nan sai hanyar Kibiya, sai wajen Durba. Kowane rani rijiya ɗaya. Wannan ita ce ta goma. Duk a bakin hanya, inda matafiyi zai kai. Ba wadda ta taɓa ƙafewa."

"Hakimi ne yake sa shi?"

"Ba wanda ya sa shi. Tuwo kawai yake karɓa. Da, matanmu tun asuba suke fita neman ruwa, ba sa dawowa sai hantsi. 'Ya'yanmu kurkunu ya hana su tafiya. Yanzu ki zaga rugar nan ki nemo mini mai kurkunu ɗaya."

Ramlatu ta wanke fuska, ta ce, "Allah ya saka masa."

"Amin. Sai da muka shekara biyar sannan ya gaya mini dalili."

Bappa ya zauna a kan dutsen, ya ajiye sanda.

"Direba ne a yaƙin Turawa. Aka kai su wata ƙasa can gabas, ba bishiya, ba inuwa, rairayi da tsakuwa kawai. Su goma sha biyu a mota. Suka ɓace wa ayari, motar ta mutu. Ya ce da akwai ruwa cikin kwano ɗaya da ya tashe ta. Babu. Kwana shida."



"Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Ya ce kowannensu da kalmar ruwa a bakinsa ya cika. Shi masu raƙuma suka tsince shi, harshensa ya kumbura ya cika baki. Da ya farfaɗo ya yi wa Allah alkawari. Mutum goma sha ɗaya, rijiya goma sha ɗaya. Kowacce da sunan mai ita. Wannan da kuka sha ta Ramalan ce, wani mutumin Bici, mai busa musu ƙaho."

Maijidda ta dubi ƙwaryar da ke hannunta. Ruwan wani mutum ne da ya mutu da ƙishirwa kafin ta iya tafiya.

"Ta ƙarshen yake haƙawa yanzu," in ji Bappa. "Yau ko gobe za a kai ruwa, ƙasar ta fara danshi. In ya gama, ya ce zai kama hanyar Makka a ƙasa. Bai ce zai dawo ba."

"Ba shi da kowa?" Uwa ta tambaya.

"Ya ce yana da su, suna lafiya. Duk ƙaramar sallah yakan tafi Kano kwana ɗaya. Ba ya shiga gidan kowa. Akwai wata yarinya da yake tsayawa daga nesa ya ga wucewarta zuwa idi, shi ke nan, ya juyo. In ya dawo sai ya nuna mini da hannu, ya ce, Bappa, bana ta kai nan."

Uwa ta share ido da bakin mayafi.

"Ni ma ina da ɗa da ya tafi yaƙin nan. Mato, autana. Takarda aka aiko gidan dagaci. Ko gawarsa ban gani ba."

Maijidda ta san labarin Kawu Mato, ƙanen Babanta. Ba a cika maganarsa a gida ba. Duk sanda sunan ya fito, Innarta takan tashi ta shiga madafa. Yau ba madafa. Ta juya baya kawai, tana kallon gonaki.

"Kai ni wurinsa," in ji Uwa. "In sa masa albarka kafin ya tafi. Uwarsa ba ta kusa, ni zan tsaya mata."

*

Suka zaga dutsen.

Ga tulin jar ƙasa, ga gungumen itace biyu an gitta a bakin rami, ga igiya ta bi ta kai zuwa wuyan wani farin sa da ke tsaye yana tuƙa. Daga ƙasa ana jin bugun ƙarfe. Ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Bappa ya ɗaura gora a wata 'yar igiya ya zura.

Bugun ya tsaya.

"Bappa, ka daɗe."

Muryar ta taso daga can ƙasa, mai kauri, ba gaggawa a cikinta.

"Baƙi na samu a hanya."

"Ka ba su ruwa?"

"Sun sha."

"Madalla. Jawo wannan ka gani. Laka ce, Bappa. Tana kama hannu."

Yatsun Uwa suka nutse a damtsen Maijidda har ta ji zafi.

"Uwa, lafiya?"

"Yi shiru."

Tsohuwar ta karkata kai, bakinta a ɗan buɗe.

"Bawan Allah, sa shi ya ƙara magana."

Bappa ya dube ta. Ya leƙa ramin.

"Soja, motarsu ce ta mutu. Igiyar gaba ta tsinke."

"Abu mai sauƙi. Akwai sauran fatar nan a bukkata, ka jiƙa ta. In na yi azahar zan duba."

Ramlatu ta zauna a ƙasa. Ba ta nemi wuri ba, inda take tsaye nan ta zauna, a kan jar ƙasar, da zanenta na fita.

Uwa ta saki Maijidda. Ta taka da kanta, hannu a gaba, har ƙafarta ta taɓa gungumen. Ta durƙusa.

"Mato."

Ba ta ɗaga murya ba. Kamar mai tashin yaro daga barci.

Ramin ya yi tsit.

"Mato, ko a cikin kasuwar Kibiya ka yi tari na san naka. Ka amsa mini."

Wani abu ya faɗi a ƙasa, ƙarfe a kan dutse. Daga nan ba a ƙara jin komai ba.

Sai ga taku a guje. Malam Dalhatu ne, ba hula, riga ta jiƙe sharkaf. Ya waiwaya ne daga kan tudu ya ga ba kowa a gindin ɗorawa. Ya ga Uwa a bakin rami, ya ga Ramlatu a ƙasa. Ya rage gudu. Ya tsaya.

Uwa ba ta juya ba.

"Dalhatu."

Maijidda ta juya ta dubi kakarta. Ɗan fari ne. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Uwa ba.

"Na'am, Uwa."

"Wane ne a cikin ramin nan?"

Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa.

"Shi ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Shekara goma sha ɗaya ina yi masa sadaka duk Juma'a. Kai kake sayo mini geron."

"Ni ne, Uwa."

"Faɗa mini."



"Bayan an gama yaƙi ya zo Kano. Durba ya fara zuwa, aka ce mun tashi. Ya nemo gidan. Bai shiga ba. Daga bakin zaure ya hango ta," bai dubi Ramlatu ba, "da goyon ɗanmu Isiyaku a bayanta. Ya tambayi mai kanti matar wa ce, aka gaya masa. Sai ya biyo ni wurin aiki. Ina tsakiyar shanu na ɗago kai na gan shi. Uwa, faɗuwa na yi."

"Sannan?"

"Na ce mu tafi gida. Na ce mu je gaban alƙali, duk abin da shari'a ta yanke na yarda. Wallahi na faɗa. Ya ce a'a. Ya ce ta yi takaba saboda shi, ta yi kuka ta gama, ba zai sa ta sake wani ba. Ya ce gida ya zauna, yara sun san ubansu, in ya shiga sai an rasa wanda zai fita. A gabana ya furta ya sauwaƙe mata, don kada zamanmu ya zama da shakka. Na je wurin malamina a asirce, aka gyara abin da za a gyara. Sannan ya sa na dafa Alƙur'ani."

"Ni fa?" in ji Uwa. "Ni ma ya sauwaƙe mini?"

Malam ya kifa goshi a ƙasa.

"Ya ce in kin sani ba za ki iya ɓoyewa ba. Ya ce in ya cika alkawarinsa zai zo ya gan ki sau ɗaya, ko daga nesa."

Bappa ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Leɓunansa na motsi, yana salati.

Maijidda tana jin maganganun, amma kamar da wani harshe ake yin su. Takaba. Ya sauwaƙe mata. Ta dubi Innarta.

"Inna, takabar wa kika yi?"

Ramlatu ta rufe fuska da mayafi.

"Inna."

"Wata bakwai muka yi," muryar ta fito daga cikin mayafin, da ƙyar. "Aka zo ɗiban soja. Ya tafi ina da ciki wata uku. Bai ma sani ba, kunya ta hana ni faɗa."

"Cikin wa?"



Ba ta buƙaci amsar ba. Shekararta goma sha shida. Isiyaku sha biyu. Ta tuna sallar bara, a bakin ƙofar gari, wani dogon mutum mai tsohuwar rigar kaki da ya matsa gefe ya ba su hanya, ya sunkuyar da kai kamar wata babba ce za ta wuce. Ta tuna ta ce wa ƙawarta, ji hannun mutumin nan, kamar itace.

Ta taka zuwa bakin ramin.

Ta leƙa.

Da farko duhu. Sannan idonta ya saba. Can ƙasa, nesa ƙwarai, mutum ne a tsaye, ya jingina da bango, fuskarsa a sama. A ƙarƙashin ƙafafunsa wani abu yana ƙyalli. Yana faɗaɗa a hankali, yana zagaye idon sawunsa.

"Bappa," ta ce, "ruwa."

Bappa ya leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Allahu akbar. Ta goma sha ɗaya ta kawo."

Mutumin da ke ƙasa bai dubi ruwan ba. Shekara goma sha ɗaya yana nemansa, ga shi yana hawa ƙafarsa, bai ko sunkuya ba. Ita yake kallo.

Uwa ta lalubo igiyar ta riƙe da hannu biyu.

"A fito mini da ɗana."

Bappa ya kama akalar san, amma bai ja ba.

"Sai ya ɗaura a ƙugunsa, baiwar Allah. In bai ɗaura ba, ba abin da zan jawo."

Igiyar tana nan a sake, ba ta motsa ba.

Maijidda ta juya ta dubi mutumin da ya goya ta a wuya, ya kai ta makaranta da kansa lokacin da unguwa ke zaginsa, ya kwana a kanta da ta yi ƙyanda. Yana durƙushe, ƙasa a goshinsa. Tana so ta tambaye shi abin da za ta yi. Shi take tambaya kullum.

"Baba."

"Na'am," in ji Malam Dalhatu.

Daga can ƙasan rijiyar, a daidai wannan lokaci, wata murya ta amsa.

"Na'am."